Gwaggo da Fararen Kayan Baba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Gwaggo ya karɓi abarshi ran wata Talata cikin damina, a gidanmu na Rawayau. Yayar mahaifinmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni tun ina yarinya har ta kai ni ɗakin miji. Na ce sai na rubuta wani abu a kanta, don kada jikokinmu su taso su ji sunanta kawai cikin addu'a ba su san ko wace ce ba.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta gida ya cika da mata. Wasu daga Dutsin-Ma inda ta yi zaman aure, wasu daga Kutawa, wasu daga Wurma. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta shigo tana haki, ta zube kusa da ni ta ce, "Wallahi 'yar nan, sai da na hau mashin na sauko. Na duba hijabina na ga ɗigon manja, na ce yau Gwaggo za ta tsinka ni gaban jama'a. Na koma ɗaki na canza, ina cikin ɗaura zane sai na tuna gaisuwar wa za ni." Ta fashe da kuka, mu kau dariya ta kuɓuce mana, hawaye na zuba.

Wata dattijuwa mai tallan nono ta ce ita Gwaggo ba ta taɓa sayen nononta ba sai ta fara duba wuyan rigarta, kuma a wurinta ta koyi barbaɗa toka kan maiƙon man shanu kafin a sa ruwa. Wata matashiya da ban ma santa ba ta ce lokacin haihuwarta ta fari ba ta da uwa kusa, Gwaggo ce ta yi mata wankin jego har ta yi arba'in, ko sabulu ba ta yarda an saya mata ba. Kowa da abin da za ta ce, kuma duk maganar sai ta biyo ta bakin baho.

Ina jin su, amma hankalina yana ƙofar gida, inda Baba ke zaune kan tabarma cikin fararen kaya yana amsa gaisuwa. Tsoro nake ji. Baba ya taɓa shiga ɗaki ya rufe kanshi har ya kusa halaka, Gwaggo ce ta fito da shi. Yanzu ba ta nan, kuma ban san abin da zai hana shi komawa ba.

Bari in fara gaya maku halinta, don ku gane.

Gwaggo ba doguwa ba ce, ba ta da jiki, amma tafin hannunta kamar na mai sassabe. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa aka ba ta ni. A gidanta na Dutsin-Ma ranar Asabar ranar wanki ce, kuma ba a fara shi da ruwa. Da zama ake farawa, a baje kaya a ware. Farare gefe guda, masu zuba gefe guda, na yara daban, tsummokaran murhu su ne na ƙarshe. Sai an laluba kowace aljihu, don ta ce ɓarin goro ɗaya ya isa ya ɓata babbar riga. Sabuwar atamfa ba ta ganin sabulu ranar farko, ruwan gishiri take kwana ciki don launinta ya zauna. In za a shanya mai launi, a juya ta ciki waje a kai inuwa. Farare kau rana ce abincinsu, ta kan goga masu sabulu ta shimfiɗa su da kumfarsu su sha rana kafin a ɗauraye. Jini ba ta yarda a sa mashi ruwan zafi, ta ce dafa shi kike yi cikin zare. Bula kuma a tsumma take ƙulle ta, ta kaɗa cikin ruwa har ya yi shuɗi kaɗan, ba a zuba ta kai tsaye kaya su fito dabbare-dabbare.

Ruwa ma tana da zaɓi. Rijiyar unguwarmu zartsi gare ta, tana cinye sabulu ba kumfa. Don haka da hadari ya haɗo za ka ga Gwaggo tana jan durom zuwa ƙarƙashin indararo. Ruwan farko ta bar shi ya wanke kwanon rufi ya wuce, na bayanshi take tara. In na gama ɗauraya na miƙa mata, ba ta dubawa. Sai ta ce, "Kawo in sansana." In ta ji ƙamshin sabulu, to saura ɗauraya, don sabulun da ya kwana a zare shi ke sa ƙaiƙayi, shi ke tsufar da kaya.

Bakinta kau, sai dai a yi haƙuri. Gwaggo ba ta iya wuce igiyar shanyar mutane ta yi shiru. Akwai wata amarya da aka kawo maƙwabtanmu, ta shanya leshinta na lefe a tsakiyar ranar bazara. Gwaggo ta shiga ba neman izini, ta kwashe ta mayar ƙarƙashin darbejiya, ta ce, "Mijinki da guminshi ya saya, ba tsinta ya yi ba." Amarya ta yi fushi, ta daina gaishe ta. Gwaggo ko a jikinta. Da Salla ta matso, sai ga amarya ta shigo da shaddar mijinta a hannu tana sunne kai, wai a nuna mata yadda ake sa sitaci. Gwaggo ta nuna mata, ta kuma haɗa ta da guntun sabulun salo. Haka take, faɗa a baki, alheri a hannu, kuma ni dai ban ga wanda ya yi gaba da ita ya daɗe ba.

To, Baba. Manomi ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu ta Rawayau tun ban san kaina ba. Mutum ne mai son fararen kaya da turare, mai tsananin kunya, irin wanda ko tari ba ya so ya yi gaban surukai. Bayan rasuwar Innarmu bai sake aure ba, yana zaune da babban wana da matarshi. Wata rana hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinshi na hagu ya shanye. Aka yi jinya a asibiti, Allah ya sa magana ta dawo, ƙafa ma ta ɗan dawo har yana takawa da sanda. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Baba ya daina iya riƙe fitsari.

Wannan ya fi mashi shanyewar jikin ciwo. Ya hana wana taɓa kayanshi, ya ce a haƙa rami a binne duk wandon da ya ɓaci. Matar wana kau, suruka, ko ƙofar ɗakin ba ta isa ta tsaya ba. Masu zuwa dubiya sai a ce masu yana barci. Masallaci yana nan kusa, Baba yana jin wani na kiran salla a madadinshi, bai fita. Mafi muni, sai ya yi wa kanshi dabara: ya daina shan ruwa. A tsakiyar zafin bazara fa, jama'a! Kunu a kai a dawo da shi, fura haka. Leɓunanshi suka tsattsage, idanu suka faɗa. Da wana ya kira ni na zo daga Dutsin-Ma, na durƙusa na ce, "Baba, ka ba ni in wanke, ni 'yarka ce." Ya juya fuska bango ya ce in tashi in ba shi wuri.

Na koma na sami Gwaggo, lokacin mijinta ya rasu tana zaune ita kaɗai. Na yi ta kewaye-kewaye, nauyin maganar ya hana ni faɗa. Ta ce, "Ke, yi mani Hausa." Na yi mata. Sai ta tashi ta fara ƙulla kaya. Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ta ƙofar gidanmu, baho ɗaure a bayan mashin, ƙullin sabulu a cinyarta. Ta yi sallama ɗakin Baba, ba ta jira amsa ba ta ɗaga labule. Ni ina daga bakin ƙofa ina jin su.

"Tashi ka tuɓe ka ba ni."

"Yaya, don Allah ki fita. Ki bar ni da abin da Allah ya ɗora mani."

"In fita in je ina? Ka manta wa ya goye ka? Uwarmu na gona, kai kana nan bayana, sau nawa ka jiƙa ni? Da hannun nan na wanke kashinka a rafi, kuma bai hana ni cin tuwo ba. Yau don ka yi gemu za ka yi mani fulako?"

"Wancan jariri ne, Yaya. Wannan ladan ne. In fita mutane su ji zarni a jikina? Gara mutuwa."

"Mutuwar ma ba a hannunka take ba. Kai da ka yi karatu ka fi ni sani, mai larura Allah ya yi mashi rangwame. Ba Allah kake ma kunya ba, 'yan zaman bakin masallaci ne. Su kau bar ni da su. Ranar da mutum ɗaya ya ji wari a jikinka, ka sa a ɗora ni bisa mashin a maida ni inda na fito."

Can na ji ta ce, "Ke, kawo ruwa." Na kawo cikin moɗa, ta karɓa ta kai mashi baki ta ce, "Sha." Ya sha, hawaye na bin gemunshi, ya shanye tas. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin mutum na shan ruwa kamar ranar ba.

Daga nan Gwaggo ta tare a Rawayau, ta shiga aiki. Ta aiki wana kasuwar Kurfi ya sayo farin yadi mai yawa iri ɗaya, ta sa tela ya ɗinka wanduna da riguna duk ɗinki ɗaya, babu mai bambanci da ɗan uwanshi. Ko Baba ya canza sau nawa a yini, wanda ya gan shi da safe ya gan shi da yamma zai rantse kayan nan ne. Tsofaffin zannuwanta masu laushi ta yayyanka ta linke, ta ɗinka mashi abin sawa daga ciki. Ta shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado. Bayan rumbu ta sa aka haƙa mata ɗan rami, kullum tana zuba toka ciki don kada wurin ya yi wari.

Wankin kuma da ƙa'idarshi. Ba ta jefa wandon cikin ruwan sabulu, ta ce in kin yi haka kin najasta bahon gaba ɗaya. Sai ta ɗaga shi bisa ramin ta yi ta kwarara mashi tsurar ruwan sanyi har najasa ta fita, sannan ya halatta a yi salla da shi. Bayan nan ta jiƙa shi da ruwan kanwa kaɗan ko na lemun tsami don kashe zarni, sannan sabulu, sannan ɗauraya har ruwa ya fito garau. Ba ta kwashe shi daga rana sai ya bushe ƙayau, don ta ce sauran danshi shi ke riƙe wari. In damina ta hana rana, ta kifa kwando bisa kaskon garwashi ta lulluɓa kayan, ta jefa turaren wuta.

Sauran matsala ita ce igiya. Gidan ƙauye ne, mata na shiga suna fita, kuma wanduna farare jere kullum ai sai a fara tambaya. Sai Gwaggo ta yi abin da har yau nake jin nauyinshi. Ta tsaya tsakar gida, gaban maƙwabta, ta ɗaga wankin matar wana ta ce wannan jiƙa-ki-shanya ne, daga yau wankin gidan nan duka ita za ta riƙa yi. Ta haka igiya ta zama kullum cike, kayan Baba a warwatse tsakanin na wana da na yara, babu mai lura. Matar wana, baiwar Allah, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ni kau raina ya ɓaci, na bi Gwaggo bayan rumbu na ce wannan ba adalci ba ne, yarinyar nan tsafta gare ta. Ta ce, "Na sani. Bar ta ta ji haushina, haushina bai taɓa kashe kowa ba." Na ce duk da haka. Ta ce in ba zan taya ta matsa ba in matsa daga kanta. Mun kwana biyu ba ma dariya da juna.

Juma'ar da Baba ya fara fita ba zan manta da ita ba. Gwaggo ta goge mashi riga da dutsen guga na gawayi, ta turare ta, ta duba shi gaba da baya kamar za a kai ango. Ya tsaya cikin zaure ya kasa fita. Ta ce, "Wuce mana, ko sai na goya ka?" Ya yi murmushi ya fita, wana na riƙe da shi. Muna leƙe ta jikin ƙofa muka ga dattawa sun miƙe suna mashi barka. Da ya dawo ya ce wani ya tambaye shi inda yake sayen turare. Gwaggo ta ce, "Ka ce mashi ba na sayarwa ba ne."

Haka aka yi shekaru. Muryar kiran salla ba ta dawo ba, amma kujerarshi ta gefen sahu ba ta rasa shi. Ɗaurin aure, suna, jana'iza, duk da shi. Mutane na cewa ciwo bai rage Malam da komai ba. Ina jin haka sai in ji kaina ya yi girma, don na san hannun da ya tsaya. Tsohuwa ce fa, gwiwa na ciwo, yatsu sun fara lanƙwashewa, amma ko ranar Salla ba ta ɗaga ma wankin nan ƙafa ba, kuma ko sau ɗaya ba ta yi mashi gori ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Ko a kwance, in ta ji iskar hadari sai ta yunƙura ta ce, "An kwashe shanya?" Na ce ma Baba ya ba ni kayanshi kafin ta tashi, ya ce a'a, akwai sauran wankakku, a jira Yaya ta samu sauƙi. Sauƙin bai zo ba. Maganar ƙarshe da ta yi mani mai tsawo ita ce, "Ku kula da shi, mutumin nan kunya za ta kashe shi."

Kwanakin zaman makoki Baba ya daure ya zauna ƙofar gida, amma na lura ruwan da ake ajiye mashi yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Da aka yi sadakar uku, washegari bai fito ba. Aka kai kunu aka dawo da shi. Wana ya yi magana ta bayan labule, ba amsa. Na zauna bakin murhu na rasa abin yi, na ji kamar an mayar da mu baya gaba ɗaya.

A gidanmu ba a raba kayan mamaci ko a ba da su sadaka sai an wanke su. Ranar da muka sa, mata suka taru tsakar gida, dangi da maƙwabta, muka fito da akwatin Gwaggo muka baje. Muna cikin cuɗa muka ji ƙarar sanda. Baba ne ya fito, a rame, yana jan ƙafa. Mata suka shiga jawo mayafi. Ya ce a ba shi kujera, ya zauna gaban baho ya ce, "Ku ba ni zanenta ɗaya."

Wata dattijuwa ta ce, "Haba Malam, da girmanka? Gaban suruka da jikoki?"

Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Girman da kuke gani ita ta wanke mani shi. Tun da na faɗi ba ni riƙe fitsari. Yaya ce ta yi ta wanke fitsarina kullum ta Allah, shekara da shekaru, kuna ganina fes kuna yabo. Ina kwance na ji kuna wankin kayanta, na ce in na mutu da maganar nan a cikina na ci amanarta. Ku ji, kuma ku faɗa ma wanda bai ji ba."

Na miƙa mashi zanen da ta fi so, wani shuɗi da ya sha jiki. Ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya goga sabulu da hannunshi mai lafiya, yana cuɗawa a hankali, ruwa na fantsal mashi a riga.

Sai matar wana ta taso ta durƙusa gabanshi. Ta ce, "Baba, ni na sani tun da daɗewa. Bara da yatsunta suka matsa mata ta kira ni bayan rumbu, ta roƙi gafarata kan maganar da ta yi mani, ta nuna mani yadda take yi tun daga ruwan farko har turare. Ta ce in riƙe, ranar za ta zo."

Baba ya dube ta. Sannan ya ce, "To, 'yata. Kayana suna nan bayan ƙofa." Ta tashi ta shiga ɗakin da ba ta taɓa takawa ba, ta fito da su gaban kowa, kuma babu wadda ta kau da kai.

Ya ɗaga hannunshi ɗaya, kumfa na ɗiga, ya ce, "Ya Allah, Ka rufa ma Yaya asiri ranar tsayuwa, kamar yadda ta rufa mani. Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta." Muka amsa da amin. Ya goge hannu a gwiwa, ya juyo wurina ya ce, "Ke, ba ni ruwa in sha, la'asar ta kusa."